Tantin da Ba a Shanya Ba

Ranar da za su bar filin da aka tsugunar da waɗanda ambaliya ta kora, wani kafinta ya so ya shanya tantinsu kafin ya naɗe, don an yi yayyafi da safe. Ya san halin tamfol: in aka naɗe shi da danshi, fumfuna ce za ta cinye shi.

"Baban yara, lallaɓa shi kake yi don mu sake dawowa?" in ji matarsa. "Wannan ai mugun fata ne."

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ku bar shi, kwanan ƙasa ya yi masa daɗi." Kunya ta kama shi, ya cusa tantin cikin buhu yana ɗiga.

Da damina ta zagayo, ruwa ya sake cin unguwarsu, har da ɗakin da ya gina da hannunsa. Suka hau tudu, yara na rawar sanyi, ya kwance buhun. Wari ya buge shi. Baƙin tabo ya rufe tantin, ɗinkin ya ruɓe. Da ya ja gefe ɗaya, sai ya biyo hannunsa.

Matar ta dubi tsumman, ta dubi hadarin da ke haɗowa.

"Kai da ka sani, me ya sa ka biye mini?"

Ya so ya ce ita ta hana, amma ita ba ta sani ba, shi kuwa ya sani. Ya cire rigarsa ya lulluɓa wa autarsu, ruwa ya kece.