Danƙon Halvard

Halvard yana da shekara saba'in da takwas da ƙugu ɗaya na ƙarfe, kuma duk kwarin nan babu wanda bai ji yadda dusar ƙanƙara ta taɓa binne shi ya tono kansa da hannu ɗaya ba. Maza irinsa sun yi ƙaranci. Tseren ƙarshen hunturu ya yi shi sau hamsin da biyu, kilomita ashirin cikin dusar ƙanƙara a kan katakan zamiya da ake ɗaurawa a ƙafa, daga coci zuwa bukkar kan dutse.

Bana matarsa Borghild ta gindaya sharaɗi. Ƙarfe ɗaya na rana ake kaɗa ƙararrawar rufe tsere. In aka kaɗa yana hanya, katakansa sun hau bango ke nan har abada.

Jikarsa Tuva ta zo daga birni don ta raka shi. Aikinta auna 'yan tsere, ta manna musu wayoyi a gwiwa da kafaɗa ta ga inda ƙarfi yake fitowa. Da safe ta tarar yana shafa danƙo a tsakiyar katakansa, wanda ke sa su kama ƙasa in mutum ya taka.

"Kaka, har yanzu danƙo? Santsi yake ragewa. Yanzu ba a taka ƙafa. Sanduna biyu ake cakawa tare, a tura da ciki da baya. Mun auna, ya fi sauri."

"A kan wa kuka auna, amarya?"

"Zakaru."

"Ni zakara ne tun ubanki yana goye, ban ga an zo auna ni ba."

Da aka fara tsere, a kan tafkin da ya daskare gaskiyar Tuva ta fito, ita da ba ta shafa danƙo ba. Caka biyu, uku, ta ɓace masa. Sai sabuwar dusar ƙanƙara ta sauko, hanya ta yi nauyi kamar ana tafiya cikin garin tuwo. Halvard ya ci gaba da takunsa na da, ƙafar dama da sandar hagu, ƙafar hagu da sandar dama.

A tsakiyar babban hawa ya iske ta. Tana cakawa, katakan suna dawo da ita baya, hannuwanta sun mutu.

"Ina zakarun?" in ji shi.

"Su da gudu suke shiga tudu. In gudu ya mutu, hannu kaɗai ba ya ɗaukar mutum. Na san haka sarai, ni na rubuta shi ma. Wuce, Kaka, sha biyu da kwata ta yi."

Ya dubi sauran hawan. Shafa danƙo zai ci minti goma, shi kuwa ba shi da rarar goma. Ya zaro gwangwanin danƙon daga aljihu.

"Cire katakan in shafa. Ba za a ce jinin Halvard ya sauka dutse a motar ɗaukar gajiyayyu ba."

Da suka tashi tana bayansa, tana kallon takunsa.

"Kana buɗe ƙafa da yawa, ƙugun ba ya bin ka. Rage tsawon taku, ka yawaita shi."

"Ni za ki koya wa tafiya?"

"Gwada sau ashirin, tsoho, sai ka zage ni."

Ya gwada. Bai zage ta ba. Da suka kai shimfiɗaɗɗen wuri a sama ta shige gaba tana murje masa hanya, shi kuma ya haɗa sanduna biyu yana cakawa yadda ta ce, yana ƙunƙuni.

Saura minti huɗu suka iso. Borghild tana bakin bukka da kofi da waina mai cuku, ta dubi agogo, ta dube shi.

"Ka tsira, maigida. Na bana."

Halvard ya karɓi kofin, ya juya ga mutanen da ke jin ɗumin wuta.

"Ku matso ku ji. Yau na tsinci masaniya guda a kan tudu, na gyara ta, kuma duk da haka ban makara ba."

Tuva ta cika baki da waina, ta bar shi ya faɗa yadda yake so.