Marayan Rugar Dabo

Sati biyu da saukar Lidiya a Kankia, ta riga ta samo maraya, kuma a gaban uwarsa ta same shi.

Lidiya ma'aikaciyar jinya ce daga Jamus. Cocinsu ne ya turo ta aikin sa-kai, tana bin rugage da sikeli tana awon yara. Hausarta ta littafi ce, zuciyarta kuwa a kusa take, abu kaɗan sai hawaye. Ranar da ta zo rugar Dabo, can bayan Yashe, ta ga wani yaro ɗan shekara shida ya raɓi Hadijatu, matar Dabo, ita kuwa ta ture shi da gwiwar hannu ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ɗanki ne?" in ji Lidiya.

Hadijatu ta sunkuyar da kai. Ɗanta ne mana, ɗan fari. Amma wace Bafulatana mai kunya ce za ta amsa ɗan fari a gaban jama'a? Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a idon mutane. Shi ma Adda yake ce mata, kamar yadda ƙannenta suke kiranta. Kowa Nagoggo yake ce masa, don a ɗakin goggonsa Iyatu, yayar Dabo, yake kwana.

"Na Goggo ne can," ta ce a hankali.

Ita kuwa Iyatu, Allah ya yi ta da neman tsokana. Ta tsuke fuska ta ce, "Ni? Ina na ga ɗa? Ga matan ruga nan, tambaye su ki ji in akwai mai cewa nata ne."

Lidiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Mata suka cusa baki cikin mayafi, kafaɗu na rawa. Baiwar Allah ta ɗauka kuka suke yi, sai ita ma ta fashe da nata.

Daga ranar Nagoggo ya shiga daula. Yau takalmi, gobe biskit, jibi riga mai hoton jirgi. Lidiya ta dafa kansa ta yi masa addu'a da harshensu, ta juyo ta harari Hadijatu, matar nan marar imani mai ture maraya. Hararar ta fi komai ci wa Hadijatu rai. Ita da take ɓoye masa saman kindirmo a ƙaramar ƙwarya ta aika ɗakin Iyatu, ita da ba ta iya haɗiyar tuwo in yana zazzaɓi!

"Yaya, ki faɗa mata gaskiya mana," ta roƙi Iyatu.

"In faɗa mata mi? Bakinki ciwo shikai?"

Wata Talata, Dabo yana can wajen shanu, Lidiya ta zo da motar aikinsu. Ta durƙusa gaban Iyatu yadda ta ga ana yi, ta ce tunda yaron ba shi da kowa, a ba ta shi ya zauna wurinta a Kankia, ta sa shi makaranta.

Hadijatu tana daka gero. Ta ji, ta kuma tabbata Iyatu za ta tsaya nan da wasan.

"Ɗauki abinki," in ji Iyatu. "Mu kin rage mamu bakin ci. Bari in ɗaure mashi kayanshi."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli, tana satar kallon turmi. Taɓaryar Hadijatu ta ƙara nauyi, geron har tsalle yake yana zubewa. Ja'irin yaron kuwa ko a jikinsa, tuni ya haye mota yana taɓa madubi. Surukar Hadijatu tana zaune a inuwa, ga mata cike da tsakar ruga, duk sun zuba mata ido. Kunya ta riƙe ta, tsoro kuma ya kama ta, don ta ga Baturiyar da gaske take.

Direba ya tada mota.

Hadijatu ba ta san lokacin da ta yar da taɓarya ba. Ta ruga, ɗankwali ya faɗi, ta damƙi murfin mota.

"Ashiru! Sauko! Nawa ne, wallahi nawa ne, ni na haife shi!"

Iyatu ta rangaɗa guɗa. Mata suka zube ƙasa da dariya, har tsohuwar tana share ƙwalla. Direban, mutumin Kusada, ya yi wa Lidiya bayani yana ƙyaƙyatawa. Fuskarta ta yi jajir kamar gauta, ta riƙo hannun Hadijatu tana ta ba ta haƙuri.

Hadijatu ba ta ma jin ta. Ta rungume yaron a gaban kowa. Ya ɗago kai ya daɗe yana kallonta.

"Adda," ya ce, "ashe kin san sunana?"