Ranar da Aka Daina Tsokanar Usmanu

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara, Shu'aibu shi kaɗai ne wakilin Ƙungiyar Tsare Rai a Gurbin Bore. Ƙaramar ƙungiya ce mai zaman kanta, ofishinta ɗaki ɗaya ne a Kaura Namoda, aikinta kuma ta hango rikicin da zai iya kai ga kisan jama'a tun bai tashi ba. Mutanen gari dariya suke yi masa. Ga alƙali, ga shari'a, manomi da makiyayi sahu ɗaya suke bi a masallaci, wa zai kashe wa?

Gab da girbi shanun rugar wani makiyayi, Usmanu, suka shiga gonar Mahmuda, yayan Shu'aibu, suka yi wa dawa ɓarna. An saba da wannan. Akan yi hayaniya, a je gaban mai gari, a sasanta, a dawo ana zagin wasa. Amma a wannan karon Mahmuda bai kai ƙara ba. Ya duba gonar, ya koma gida.

Ranar kasuwar Zurmi, Shu'aibu na zaune da manoma a rumfar mai shayi sai ga Usmanu da sanda a kafaɗa. Ya dubi Mahmuda ya ce, "Kaɗo, har yanzu tuwo bai kashe ka ba?"

Shekara da shekaru amsar Mahmuda ita ce ya kira shi Bahillacen da ya fi sanin sunan saniya da na matarsa. Ran nan sai ya miƙe, ya ba shi hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Malam Usmanu. Ya iyali?"

Sauran ma haka suka gaishe shi, kowa da ladabi, babu wanda ya yi dariya. Usmanu ya tafi da murna, a zatonsa an yafe masa. Shu'aibu kuwa ya kasa ƙarasa shayinsa.

Washegari ya shiga motar Kaura. Rashida, sakatariyar ƙungiyar, ta tambaye shi ko ya ga makami, ko ya ji barazana. Ya ce a'a, girmama mutumin kawai aka fara yi. Ba ta raina maganarsa ba, amma ta ce ba ta da bakin gaya wa 'yan sanda cewa manoma sun cika ladabi. Ta ce ya koma ya sa ido.

A mota ya yi ta juya abin. In ya yi shiru aka zub da jini, yana da hannu. In ya yi magana, ya ɗora wa yayansa laifin da bai aikata ba, ba shaida. Bai sami wanda zai tambaya ba, don duk wanda ya sani yana ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu.

Bayan la'asar ya isa rugar. Usmanu ya saurare shi yana kallon ƙasa, sannan ya tambaye shi wa ya ce za a taɓa su.

"Ba wanda ya ce. Yaushe rabon da Mahmuda ya zage ka?"

Kafin Juma'a rugar ta tashi, ta nufi Jangeru wajen iyaka.

Babu abin da ya faru. Rani ya shigo gonaki ba taki, mata na ƙorafin rashin nono, labarin zuwan Shu'aibu rugar kuma ya bazu. In ya zauna a majalisa sai hira ta mutu, ɗaya bayan ɗaya a tuna da wani uzuri.

Wata safiya Mahmuda ya tarar da shi tsaye a kufan rugar.

"Shu'aibu, ni mi na ce zan yi?"

"Ba ka ce komai ba, Yaya."

Mahmuda ya gyaɗa kai, ya saɓa fartanyarsa ya wuce. Shu'aibu ya bi fuskarsa da kallo yana neman ya gane ko mutum ya ceta da zuwansa rugar ko maƙwabci kawai ya kora, bai ga komai a cikinta ba. Ya tsaya nan tsakanin turakun da aka bari har rana ta yi zafi.