Ratar da ke Kan Cinyar Dolores

…kuma ƙarfen ya tsaya a kan tumbinsa. Ƙas. Iyakarsa ke nan. Haka tsohon jirgin wasan nan na katako yake, mai hawa da gangara: ƙarfe ɗaya ake saukewa kan cinyar mutum biyu don ya riƙe su a kujera, inda mai ƙiba ya tare shi, nan yake kullewa. Vernon ya sani, ai tun suna saurayi da budurwa suke hawansa. To amma wannan rata fa? Tsakanin ƙarfen da cinyar matarsa Dolores — dunƙulen hannunsa zai shige, har da saura.

Yaushe ta rame haka? Shi ne fa mai kai mata romon kaza bakin gado, kullum yana cewa yau kin yi kyan gani. Ƙarya yake yi, kuma har shi ya yarda da ƙaryar.

Da can ita ke cika kujerar nan. Jirgi na shan kwana ta danno shi jikin katako tana ƙyalƙyala dariya, haƙarƙarinsa ya kwana yana ciwo… yanzu kuwa, da likita ya gama duba ta bai ko ɗago kai ba, ka kai ta duk inda take so, in ji shi. Duk inda take so? Wace irin magana ce wannan?

Ya shanye ciki, ya riƙe numfashi, yana danna ƙarfen. Ƙas ɗaya kawai, ya Ubangiji. Ya ƙi. Kai, wannan tumbi! Duk abincin da ta kasa ci shi ya cinye a tsaye a kicin, don kada ta ga kwano ya koma a cike.

Zai iya ɗaga hannu a sauke su. Yanzu ma zai iya…

Sarƙar da ke jan jirgin ta kama, katako na kuka, ana hawa. A saman can mutum yakan tashi daga kujera, balle ita — me ya rage mata na nauyi? Ya zagaya hannu ya riƙe ƙugunta. Ƙashi zalla. Tsoro yake ji, Allah ya sani, kuma yana sonta.

"Tsoho," in ji Dolores, "cika ni mana. Tashin nan na zo ji."

Ta ɗaga hannuwa sama. Gaban jirgin ya leƙa ƙasa. Yatsunsa na cikin rigarta… ɗaya ya saki… sauran yatsun fa, ta yaya ake gaya musu su saki?