Gangar da Muka Binne Genzo a Ciki

Ni na fara ganinsa, duk wanda ya ce shi ne, ƙarya yake yi. Ƙanƙara ta soma narkewa, na fita duba tarkon zomo a bakin rafi, sai ga tafin ƙafar Genzo ya leƙo, takalmin ciyawarsa na nan a ɗaure. Tun tsakiyar sanyi ya fita saran itace bai dawo ba.

Genzo mutumin garin Aizu ne, can kudu. Ya yi yaƙi, aka ci su, aka ƙone garinsu, aka loda su a jirgin ruwa zuwa nan tsibirin Hokkaido, aka ce su sare daji su ci abinci. Da shi muka tumɓuke kututturan kwarin nan. Na fi shi ƙarfi, kowa ya sani, amma shi ba ya hutawa. In na tsokane shi da jarumin da aka koro, sai ya ce, "Hikoji, kai da zakara ya taɓa kora har cikin ɗaki?" Abu ɗaya ya roƙe ni: in ya riga ni, in zaunar da shi yana kallon kudu, tunda ƙafarsa ba za ta sake taka gida ba.

Katakon yin akwatin gawa babu a lokacin. Matarsa Otomi ta juye gangar da take jiƙa ganye da gishiri, ta wanke ta tana kuka, muka naɗe shi muka zaunar a ciki. Ƙasa kamar dutse, amma ni kaɗai na haƙa ramin a gindin wata bishiya kusa da rafin. Da hannuna na juya fuskarsa kudu. Otomi ba ta kai wani sanyin ba.

Yanzu an sare bishiyar, wurin ya zama gonar dankalin jikan maƙwabcinmu Sakuma. Samarin gari sun kafa dutse a bakin ɗakin ibada, wai sunan Genzo ne a jiki. Ni ban iya karatu ba, amma na san babu kowa a ƙarƙashinsa. Can suke zuba masa giyar shinkafa, shi kuma doki na jan garma a kan kansa.

Na je wa mai gari da maganar, na ce ko turke ɗaya a kafa. Ya zuba mini shayi, ya ce, "Kaka, shekaru sun ja, ƙila ka manta wurin." Jikan Sakuma kuwa cewa ya yi gonarsa ba maƙabarta ba ce.

Waɗanda muka ɗauki gangar tare duk sun mutu, ni na binne su. In na bi su, Genzo ya ɓace ke nan.

To, mai shakka ya ɗauko shebur ya same ni a gonar. Zan dafa sandata a wuri ɗaya. In ya haƙa bai ci karo da bakin ganga ba, ya tura ni ramin ya rufe.