Dogon Katakon Baba Kafinta

"Riƙe min nan, Mai Rediyo, hannuna ya fara yi mini gardama."

Na ajiye ledar burodin da na sayo, na riƙe katakon. Baba Kafinta ya tsayar da shi a jikin bango, ya jingina bayansa da shi kamar yaron da ake auna tsawonsa, ya ɗaga fensir ya ja layi sama da kansa kaɗan. A satin nan aka sallamo shi daga asibiti, ba don ya warke ba. Igiya ce ta riƙe masa wando. Da na ga layin nan sai na sunkuyar da kai ina kallon garin katakon da ke ƙasa. Mutumin da ya yi wa rabin mamatan cocinmu akwati, yau ga shi yana auna kansa.

Bango ɗaya ne ya raba shagonsa da ɗakinmu. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a ɗan ɗakin da ke bayan shagon. Shi ya sa mini suna Mai Rediyo, don a gidan man da nake aiki rediyo ba ta barin kunnena, kullum kuma sai na dawo gida da labarin yaƙi, ko girgizar ƙasa, ko wata sabuwar cuta. Ni dai na ga alamu sun cika, zuwan Ubangiji ya yi kusa. Shi ya sa da babbar 'yata ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya a wani gari mai nisa, na ce ba za ta je ba. So nake ranar ta same mu a ƙarƙashin rufi ɗaya, in ƙirga yarana da idona. Uwarta ta yi magana har ta gaji, ta koma ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba.

"Likitata fa?" in ji Baba Kafinta, don haka yake kiran yarinyar tun tana ɗaure wa 'yar tsana tsumma a ƙafa. "Yaushe tafiya?"

Na ce babu tafiya, na fara jero masa abin da na ji a labarai. Ya bari na kai aya.

"Ashe idan an busa ƙaho, mala'iku ba su san hanyar garin can ba? Gidanka kaɗai aka kwatanta musu?"

"Baba, wannan ba abin wasa ba ne."

"Ni da ƙafata ɗaya ke waje zan yi wasa? Tun ina saurayi nake jiran zuwan Ubangiji. Da na naɗe hannu na zauna, da yau a tabarma kake kwana, don ni na yi maka gado. In maigida ya bar maka shago ya yi tafiya, ba a bakin ƙofa yake so ya tarar da kai kana leƙen hanya ba."

Raina ya ɓaci. Na ce masa wanda bai haifa ba, magana ba ta yi masa wuya. Ya maƙale fensir a bayan kunne, ya ce in saki katakon, ya gode.

Daga ranar, gaisuwarmu ta koma ta bakin ƙofa. Da safe nakan ji zarto ta cikin bango, ya ja kaɗan ya tsaya, tari ya biyo baya, sannan ya ci gaba. Da na leƙa ta taga sai in hango wani dogon abu kwance a kan benci biyu, an rufe shi da tamfol. Ni ne na kai labarin taron zumuntar maza na coci, na ce ga abin da ake kira shiri. Magana ta bazu. Fasto ma ya taɓo ta a wa'azi ba tare da ya kama suna ba, ya ce akwai wani a cikinmu da ya riga ya ɗaure kayansa. Mata suka koma rage murya in za su wuce shagon. Babu wanda ya tambaye shi. Wa zai dubi idon mutum ya ce yaya aikin akwatinka?

'Yata ce ke kai masa abinci, tana ba shi magani a kan lokaci, tana dawowa da garin katako a zanenta. Wata rana na ce mata ta dubi tsohon nan ta koyi darasi, shi ya san lokaci ya ƙure. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ɗauki kwano ta fita.

Ranar Lahadi bayan sujada muka shiga duba shi tare da Fasto. Ya daina tashi. Ɗakin na warin man zafi da gam, takalmansa a jere a ƙarƙashin gado. Ya fara tambayar yarinyar ko gam ɗin ya bushe, ta ce ya bushe, ya ce ta je ta kwance abin matsewar a hankali. Sannan ya juyo gare ni.

"Mai Rediyo, me duniya ta ce yau?"

"Ba daɗi, Baba."

"Ai ba ta taɓa cewa da daɗi ba. Zauna mana, ka tsaya kamar mai jiran mota."

Na zauna a gefen gadon. Akwai maganar da na ɗauko tun daga gida, a kan abin da na faɗa masa ran nan, amma ga Fasto, ga mata biyu da suka zo da lemo. Fasto ya yi addu'a, Baba ya ce amin da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Na ce a raina gobe zan shigo ni kaɗai kafin in tafi aiki. Washegari da safe ina ɗaure takalmi yarinyar ta shigo da tsumman da take goge masa fuska, ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ce Baba Kafinta ya rasu.

Da mutane suka taru, Fasto ya ce ko ba komai dattijon ya rage mana wahala ɗaya. Muka shiga shagon da wasu maza don mu fito da akwatin. Ni na kama bakin tamfol na ja.

Katako ne mai kyau, an goge shi sumul har ciki. Amma marfinsa a gefe yake buɗewa. Da na ɗaga, sai ga kantoci a jere, ga sandar rataye kaya, ga ɗan madubi a manne a bayan marfin. Wani dattijon coci ya leƙa ya ce wannan ai kabad ne.

"Nawa ne, Baba." 'Yata ce a bakin ƙofa. "Ya ce ɗakin ɗalibai ba wurin ajiye komai. Tsawonmu ɗaya da shi, shi ya sa ya auna da jikinsa, don hannuna ya kai kantar sama. Ya ce kada in gaya maka sai ranar da ka ce to da bakinka."

Babu wanda ya dube ni, wannan ma ya fi ciwo. Sai da aka tura mota can ƙarshen gari aka sayo akwati a gaggauce. Katakon siriri ne, marfin bai zauna daidai ba, kan wata ƙusa ya leƙo ta gefe. A ɓangarena ƙusar take, tana cizon tafin hannuna har bakin kabari, ban canza hannu ba. Mutumin da bai taɓa barin aikinsa ya fita da ƙusa a waje ba, a cikin wannan muka kai shi.

Bayan kwana biyu muka shigo da kabad ɗin ɗakinmu, muka tsayar da shi. Abu ɗaya ya rage: mariƙin marfi. Na same shi a kan bencin shagon cikin gwangwanin madara, a jikin marfin kuma ga ɗigo biyu na fensir inda zai zauna. Na tambayi uwar yara ko an rufe karɓar ɗalibai. Ta ce sai ƙarshen mako. Na kira yarinyar na ce to. Uwarta ta jawo jaka daga ƙarƙashin gado ta fara ninke kaya.

Ni na ɗaura mariƙin. Duk da ɗigon fensir ɗin, sai da ya karkace.

A tasha aka kwantar da kabad ɗin a saman mota aka ɗaure da igiya. Wani mai wucewa ya gan shi, ya cire hula. Ya zaci akwatin gawa ne. Na yi wa yarinyar addu'a, na gaya mata ta nemi coci tun makon farko, ta kira uwarta in sun sauka. Har yanzu in mota ta yi ƙara a titi sai in tsaya in kasa kunne.

Da na dawo na tarar an sa wa shagon kwaɗo. Na leƙa ta taga. Benci biyun suna nan yadda muka bar su, tamfol a ninke a kan ɗaya, rana ta shigo ta kwanta a tsakaninsu. Rediyo na cikin aljihuna. Na zauna a dakalin shagon, ban kunna ta ba.