Rabin Tagwaye

Tela ya naɗe hannun rigarsa tun kafin a kira shi. Yana zaune a kan bencin asibitin jami'a, ko ruwan shayi bai sa wa cikinsa ba tun jiya, don haka dokar ranar ɗibar jini take. Ya bar wurin mutum ɗaya a damansa. Wata mata ta zo za ta zauna, ta ga irin kallon da ya yi mata, ta yi gaba.

Shekara da shekaru ke nan shi da ɗan'uwansa Direba suna zuwa nan. Tagwaye ne, kuma tsofaffin tagwaye masu binciken ke nema, wai suna so su gane abin da ke sa mutum biyu, ciki ɗaya, rana ɗaya, wani ya riga wani tsufa. Ba jini kaɗai suke ɗiba ba. Yawu, fitsari, kai har bayan gida, Allah na tuba, sai an kawo musu a 'yar roba. A auna barci, a auna ƙarfin damƙa, a ce ka tashi daga kujera ba dafawa, sannan a zuba duka a kwamfuta a ga yadda wannan ke taɓa wancan. Likitar da ke jagorantar aikin ta taɓa ce musu jiki kamar riga yake, ka ja zare a wuya sai ƙasa ta tattare. Tela ya ce wannan kam ta yi magana.

Ita dai kwamfutar nan Tela ya tsana. Bara cewa ta yi jikinsa ya girmi na Direba da wajen shekara bakwai. Direba ya yi dariya har da hawaye. A bas ma Yaya yake ce masa, yana roƙon fasinjoji su taimaka su ba tsoho wuri. Tela ya saki jiki shi zai fara tafiya, har ya soma yi wa Direba wasiyya a fakaice. To, watan jiya Direba ya kwanta barcin rana, bai tashi ba.

Nas ta leƙo, 'yar matashiya da suka saba wasan jika da kaka da ita.

"A'a, angona! Yau kai kaɗai? Ina abokin takarar taka, ko allura ce ta kore shi?"

Tun a bas yake shirya ƙaryar da zai yi, wai Direba ya yi tafiya. Bakin ya ƙi.

"Ya rasu."

Ta yi salati, ta riƙe masa hannu, ta kai shi ofishin Likita.

Likita ta yi masa ta'aziyya, ta daɗe tana yi, har ya gane akwai wata magana a bayanta. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Baba, ka san aikin namu kwatantawa ne. In babu ɗaya, ba mu da abin da za mu auna ɗayan da shi."

"Ai jininsa na nan a firjinku, 'yata."

"Na baya yana nan. Na yau ne babu."

"Injin naku fa ni ya ce tsoho."

"Haka ya ce, Baba." Ta sunkuyar da kai. "Abin da ba mu sani ba ya fi wanda muka sani yawa."

Bai ji haushinta ba, tsoro ya ji. A gidan ɗansa, ɗakin baya aka ba shi, daga bakin ƙofa ake gaishe shi a wuce. Tun da aka gama zaman makoki ba wanda ya sake kiran sunan Direba. Nan kaɗai ya rage a duniya da ake lissafa su biyu, jinin wannan kusa da na wancan a akwati ɗaya. In aka sallame shi daga nan, shi ke nan, ya zama tsoho kawai.

"Don Allah, 'yata, ba na son sakamako. Ku ɗiba kawai, ku ajiye kusa da nasa. Da yunwata fa na zo."

Likita ta dubi nas, nas ta dubi ƙasa. Can Likita ta ce, "Ɗebar masa."

A ɗakin allura nas ta ɗaure masa dantse, ta ce ya dunƙule hannu. Tana ta surutu, wai jijiyarsa ta fi ta samari kyau, wai ita shi za ta aura ko ana ha-maza-ha-mata. Ya yi mata murmushi. Jinin ya gangara a hankali, baƙi-baƙi, ya cika 'yar kwalba guda.

A nan ya lura. Duk zuwan da suke yi, kafin ta taɓa allura sai ta manna wa kwalba takarda mai lamba, ta karanta da ƙarfi, Direba ya ce kada ta kuskura ta haɗa jininsa da na tsoho. Yau kwalbar tsirara take. Ba ta kuma sa ta a akwatin ƙanƙara ba, a faranti ta ajiye ta, gefen audugar da aka gama aiki da ita.

"Kusa da nasa za ki sa, ko?"

"Kusa da nasa," in ji ta, idonta na kan safar hannunta. "Zauna in kawo maka shayi da burodi."

"Bar shi, na gode. Allah ya yi miki albarka."

Ya danne audugar a gwiwar hannu, ya dafa kujera ya miƙe, ya fita da ɗan saurinsa. Ya ja mata ƙofar har ta rufu, don ta samu ta zubar da jinin ba tare da ta ji kunyarsa ba.